Ƙaton Birus da Ya Hana Shanu Shan Ruwa

Ban taɓa mantawa da ranar da Shef ya aiko a kira ni buro, wato ofishinsa, ina tsaka da duba jinin masu zazzaɓi ba. Shekara ashirin da bakwai ina aikin labo, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, daga Gidan Rumji aka mai da ni Agye, daga Agye aka kawo ni nan Gazawa, ba a taɓa rubuta mini takardar neman bayani ba. To ranar saura ƙiris. Tunda ku sababbin ma'aikata kun matsa sai kun ji dalilin da tsofaffin gidan nan ke kirana Lawali Birus, ku gyara zama.

Bari in fara da aikin kansa, saboda waɗanda ba 'yan labo ba. Mu ba mu cika ganin marar lafiya ba, abin da ya fito daga jikinsa ake kawo mana: jini, fitsari, majina, bayan gida. Mu shafa a ɗan gilashi, mu rina, mu sa ƙarƙashin mikroskop, madubin da ke ƙara wa abu girma. Tun a lakol, makarantar kiwon lafiya, aka koya mana ƙa'ida guda. Bakteri, irin mai kawo tarin fuka, ana ganinsa a madubinmu. Birus kuwa, irin na ƙyanda ko na mura, ba a ganinsa, don ya yi ƙanƙanta, har matatar labo mai tare bakteri wucewa yake yi ta cikinta. Wannan na haddace shi kamar karatun allo, na kuma koyar da shi ga duk wanda aka turo mini koyon aiki.

Abin ya faru bayan an daina sa takunkumin korona, a lokacin da lambun rani ya kama. Wata safiya Shef, wato babban likitanmu, ya shigo labo da wata matashiya ɗauke da akwatin ƙanƙara. Ya ce sunanta Madam Balkisa, 'yar Tibiri ce, tana karatun digiri na uku a kan ƙananan halittun ruwa. Ta zo da takardar misiyo, ta izinin aiki, mai hatimi daga sama, za ta yi wata guda da mu, in ba ta gefen tebur, in kuma raka ta yawon tabkuna tunda na san garuruwa.

Ta ɗan rusuna ta ce, "Baba Lawali, ina kwana? An ce mini duk yankin nan babu mai idonka a madubi."

Na ce, "Lahiya lau, 'yata. Mi kike nema cikin tabki?"

Ta ce, "Manyan birus."

Na yi dariya a cikina. Babban birus! Kamar a ce maka dogon wada. Amma baƙo ba a fara masa da gardama.

Mako biyu muna yawo a moto, wato babur, daga wajen Sae Sabuwa har gabas da Gangara. Ko'ina tsarin ɗaya ne. Mu fara sauka ƙofar maigari, mu gaisa, mu nuna takarda, a ba mu izini. Sannan mu je bakin ruwa, ita ta ɗebi ruwa da laka a ƙananan kwalabe, ni in rubuta sunan wuri da rana a jikin kowace, mu jera a akwatin ƙanƙara. Tabkin da ya fi burge ni yana wani ƙauye kusa da Gangara. Babba ne, ba ya ƙafewa sai bazara ta yi nisa. Yamma da shi mata sun kewaye lambuna, tumatir da kabeji da salati, shugabarsu wata dattijuwa mai faɗa da raha, Gwaggo Tabawa. Gabas da shi mashayar shanun Arɗo Bello ce da mutanen rugarsa. Gwaggo ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon Madam cikin laka har gwiwa, ta ce, "Duk karatun nan da kika yi, ƙarshensa kwasar taɓo?" Muka yi dariya, ta cika mana leda da tumatir.

A labo kuma ga yadda ake yi. Madam ta zo da wasu 'yan kwalabe masu kwance, cikinsu tana kiwon amiba. Amiba halitta ce mai ƙwaya guda, ba ta da siffa tsayayya, tana malala a hankali kamar ɗigon kunu a faranti. Wannan irin ba ita ce mai sa atuni ba, ta ruwa da ƙasa ce. Sai Madam ta ɗiga ruwan tabki a kan amiban, ta zuba magungunan kashe bakteri, ta rufe. Kullum da safe mu duba. In amiban suna nan suna malalarsu, babu labari. Haka muka yi ta yi, har na fara tausaya wa yarinyar.

Rana ta biyar da zuba ruwan tabkin Gangara, ta kira ni da wata irin murya. Amiban kwalbar sun dunƙule kamar ƙwai, da yawa sun fashe. Ni na shafa gilashin da hannuna, na rina, na ɗiga mai, na sa babban idon madubi. Sai ga ɗige-ɗige birjik, ƙanana, masu kewaye, wasu cikin amiba, wasu a waje.

Na ce, "Bakteri ne, 'yata. Na ga irinsu ya fi sau dubu."

Ta ce, "Baba, ai mun zuba maganin kashe bakteri."

Na ce, "Wani bakterin kunnen ƙashi gare shi."

Ba ta ja da ni ba. Ta ce in shuka su a farantin da muke tsirar da bakteri, in ba su kwana biyu. Na shuka, na jira, faranti fes, ko ɗigo bai fito ba. Amma da ta ɗiga su a kan sababbin amiba, kafin kwana biyu sun fasa su. Abin da ba ya hayayyafa sai cikin jikin wani, ku kun san sunansa: birus. Na zauna a kan kujera na cire tabarau.

Ta ce kada in ji kunya, manyan masana ma sun sha wannan ruɗin. Ƙaton birus na farko da aka gano, a ruwan wata hasumiyar sanyaya injuna aka same shi a Ingila, ya yi wajen shekara goma a firji ana ce masa bakteri kafin a gane birus ne. Ta ce ba girman jiki kaɗai ne abin mamaki ba. Kowane mai rai yana ɗauke da rubutun halittarsa, ƙwayoyin gado da ke faɗa masa yadda zai zama. Birus ɗin mura ƙwayoyin gadonsa goma da 'yan kai ne, abin da bai wuce rubutun laya ba. Waɗannan kuwa wasu sun kai dubu, wasu sun haura dubu biyu, har sun fi wasu bakteri, kuma mafi yawansu ba wanda ya san amfaninsu har yanzu. Ta ce sai an aika samfurin babban labo a waje kafin a tabbatar, saboda haka mu yi shiru tukuna.

Mu yi shiru tukuna. Na ji da kunnena.

Bayan la'asar na tafi fadarmu ta bakin tasha, inda muke shan shayi da direbobin taksi da 'yan kabu-kabu. Zuciyata fal da murna, kamar wanda aka yi wa haihuwa. Wani ya ce, "Malam Lawali, yau sai murmushi kake yi kai kaɗai." Bakina bai shawarce ni ba. Na ce, "Yau na ga abin da ba wanda ya taɓa gani a ƙasar nan. Ƙaton birus, uban su korona a girma, daga tabkin wajen Gangara." Wani direba ya ajiye kofinsa ya ce, "Ya fi korona?" Na ce, "Nesa ba kusa ba. In ka ajiye su tare, kamar raƙumi ne da akuya." Aka yi ta salati. Aka kira magariba muka watse. Abu ɗaya na manta ban faɗa ba: amiba yake ci, ba mutum ba.

Kwana uku bayan nan, ranar kasuwar Gangara, aka kira ni buro. Na tarar da Madam Balkisa zaune ta haɗa tagumi, Shef a tsaye da salula a hannu. Ya ce perfe ne, shugaban gundumarmu, ya kira shi yanzun nan, yana tambayar wace annoba ce ta ɓulla aka ɓoye masa. Maigari ya sa an zagaye tabki da ƙaya. Shanun Arɗo kwana biyu ana kora su wata rijiya mai nisa, ana ja musu da guga, har an fara cacar baki da masu rijiyar. Mata sun kai tumatir kasuwa ba wanda ya taya, an ce ruwan birus ya sha. A bakin wasu kuma birus ɗin ya kai girman kwaɗo, wani ma ya rantse ya ga idonsa.

Shef ya ce, "Malam Lawali, mutum uku ne suka san maganar nan. Ni ban faɗa ba. Madam ba ta san kowa a garin nan ba."

Na ce, "Shef, ni ne."

Ya jawo takarda ya ajiye a gabansa, ya ɗora biro a kai. Ya ce, "Saura shekara biyu ka yi ritaya, ba na son in ɓata maka dosiye, takardun aikinka. Bakin da ya rufe tabkin shi zai je ya buɗe shi. In gobe war haka shanu ba su sha ruwa ba, zan cika takardar nan."

A hanyar komawa labo na ba Madam haƙuri. Ta ce, "Baba, ni ba aikina nake wa tsoro ba. In aka ce masu kwalabe sun kawo masifa, ba za a ƙara barin wani ya ɗebi ruwa a ƙauyen nan ba, ko ranar da ake buƙata da gaske." Wannan maganar ta fi takardar Shef yi mini zafi.

Akwai wani tsohon mikroskop a kabad, mai madubin tarar hasken rana, wanda muke fita da shi ƙauyuka tun kafin a kawo kuran, wato wutar lantarki. Na kakkaɓe shi, na naɗe a bargo, washegari da hantsi muka ɗaure a bayan moto.

Mun tarar da ƙofar maigari cike. Shi yana zaune a kujera ƙarƙashin wani babban gawo, Arɗo Bello a gefe ya dogara da sandarsa, mata a baya, Gwaggo Tabawa a gabansu da kwandon tumatir da ya fara laushi. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

Ta ce, "Kai Malam likita, tumatir na ba ka ko sharri? Ka ci nawa, ka tahi tasha ka kashe mini kasuwa!"

Na cire hula na ce, "Gwaggo, kin yi gaskiya. Maigari, ranka ya daɗe, ba cuta aka samu ba, surutuna ne ya yi yawa. Na zo da abin in nuna muku da idonku."

Aka kawo turmi aka kife, na ɗora madubin, na juya shi ya kamo rana. Na fara da gilashin da muka rina. Maigari ya duƙa, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya ce, "Ina ƙaton?" Na ce waɗannan ɗige-ɗigen. Ya ce, "Wannan abin kamar garin barkono? Shi ne anka ce ya kai kwaɗo?" Na ce ai ma madubin ya ƙara masa girma sau dubu. Maigari ya dubi jama'a ya ce, "To in wannan ne ƙatonsu, Allah ya jiƙan ƙananan." Dariya ta ɓarke.

Nan kuma na yi kuskure na biyu. Na ce bari in nuna musu amibar da yake ci, sai na ɗiga ɗanyen ruwan tabki. Gwaggo ta ture kowa ta leƙa. Ta yi tsalle baya ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Suna gudu! Masu gashi, masu wutsiya, gari guda!" Mata suka fara ja da baya. Na ga aikin yana neman lalacewa a hannuna.

Madam Balkisa ce ta cece ni. Ta roƙi a kawo mata ruwa daga kwalbatin da agwagin gidan maigari ke wanka, ta ɗiga. Su ne dai, suna ta kai da kawo. Ta ce, "Gwaggo, duk ruwan da ya kwanta a sarari haka yake, ko'ina a duniya. Yawancinsu ba ruwansu da mu, junansu suke ci."

Sai Arɗo ya gyara tsayuwa ya ce, "Yarinya, in ba shi da illa, ki sha mu gani."

Ni dai da ni ne, da na kurɓa don a wuce wurin. Ita kuwa ta ce, "Baffa, ba zan sha ba."

Aka fara gunaguni. Ta ɗaga murya kaɗan ta ce, "Ba don ƙaton ba. Shi iyakar abin da aka sani amiba yake kamawa, ba a tabbatar yana sa wa mutum ko dabba ciwo ba. Ba zan sha ba saboda tsofaffin da kuka riga kuka sani: masu sa gudawa, masu sa atuni. Ruwan da shanu ke shiga, mutum ba ya shansa sai an tafasa. Yaran da ke iyo a ciki kuma su ne kuke kawo wa Baba Lawali da fitsarin jini. In na sha don ku yarda da ni, na yi muku ƙarya."

Arɗo ya dube ta. Ya ce, "Shi wannan ƙaton, yaushe ya shigo tabkin? Ku kunka kawo shi?"

Ta ce, "A'a, tarar da shi muka yi. Mai yiwuwa yana nan tun kafin a kafa garin."

Ya ce, "Tun kafin kakana ya kafa ruga?"

Ta ce, "Mai yiwuwa ƙwarai."

Ya juya wajen mutanensa ya ce, "To mu mi muke gudu? Shanun kakana sun sha, na ubana sun sha, nawa shekara arba'in suna sha. Abin bai canza ba, suna kawai anka ba shi." Ya sake duban Madam. "Shi kuma wa ke cinsa?"

Ta yi dariya ta ce akwai wasu 'yan mitsi-mitsin birus da aka gano suna shiga masa, su hana shi sakat.

Arɗo ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Ashe! Ko bijimi da kaskarsa."

Daga nan magana ta ƙare. Maigari ya ce a janye ƙaya. Amma Gwaggo ba ta gama da ni ba. Ta sa aka wanke tumatir da ruwan famfo, ta zaɓo manya guda biyar, ta barbaɗa gishiri, ta ce tunda bakina ne ya ɓata su, bakina zai wanke su, a gaban kowa. Na ci ɗaya, na ci biyu. A na huɗu na nemi sassauci, ta ce babu. Ruwan tumatir na bin gemuna, yara da manya suna tafi. Ta kuma yanke mini hukuncin cewa kasuwa mai zuwa in zo da farar rigata ta aiki in zauna kusa da kwandonta. Na je. Kafin azahar ta sayar da komai, har mata suna faɗa a kan wa zan zauna wa mako na gaba.

Kafin mu hau moto na ga shanu sun gangaro a guje, sun tsoma baki, ba mai ɗagowa. Na kira Shef na kara salula wajen ruwan don ya ji da kunnensa. Ya yi dariya ya ce in dawo akwai jini yana jirana.

Layin kallon madubi kuwa sai da muka kai la'asar. Bayan makonni majo, babban ma'aikacin asibitin Gangara, ya gaya mini mata da yawa a ƙauyen sun koma tafasa ruwan sha, abin da muka yi shekaru muna faɗa a taro ba a ji ba. Gwaggo ce ke bi gida-gida tana cewa ita ta gani da idonta, masu gashi ne.

Watanni bayan tafiyarta Madam ta aiko mini da saƙo. An tabbatar, ƙaton birus ne, ƙwayoyin gadonsa ɗaruruwa, da yawa ba a san aikinsu ba. Ta turo hotonsa da aka ɗauka da babban madubi mai aiki da lantarki: ga kusurwoyi kamar an sassaƙa, ga gashi kewaye da shi. Na kai wa maigari ya gani. Ya ce yanzu kam ya yi kama da abin da za a ji tsoro, gara da ba wannan na fara nuna musu ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, ku riƙe shi. Ƙa'idar da aka koya muku a lakol gaskiya ce, amma iyakar abin da aka gani ne zuwa ranar da aka rubuta ta. In ƙaramin ma'aikaci ya ce muku ga abin da ya gani, ku shuka a faranti kafin ku yi masa dariya. Sannan duk abin da ya fita daga bakin ɗan labo sakamako ne, ko a takarda ko a wurin shan shayi, kuma rabin sakamako ya fi ƙarya ɓarna. Na faɗi girman abu ban faɗi abincinsa ba, shanu suka kwana biyu da ƙishirwa.

Mutanenmu kuma kada ku raina su. Ni da takardata na yi kwana biyu ina gardama da faranti, Arɗo bai taɓa shiga aji ba, tambaya uku ya yi ya kai ƙarshen zancen. Abin da suke so a nuna musu, kuma in sun ce ka sha, ka faɗa musu gaskiyar dalilin da ba za ka sha ba.